Mun taɓa gwajin Monster Hunter Wilds a Gombe, ga gaskiyar abin da na gani

A Fabrairun 2025 na rubuta wannan, kafin cikakken gem ɗin ya fito. Tun ranar Talata kafin kiran assalatu aka rufe gwajin Monster Hunter Wilds karo na biyu, amma har yau ɗin nan in ka leƙa gidan gem ɗin da muke zama a Pantami za ka tarar ana ta musu a kai, wani na cewa gem ɗin shekara ne wani na cewa ɓarnar fetur ce kawai. Mutum uku sun dame ni a WhatsApp wai su biya kuɗinsa tun yanzu ko su jira, to bari in rubuta gaba ɗaya in huta da maimaita magana.

Ga wanda bai san kan abin ba, kamfanin Capcom na Japan ne ke yin Monster Hunter tun 2004 zamanin PS2, kuma labarin bai taɓa canzawa ba, kai mafarauci ne, a ba ka makami ya fi ka girma a tura ka dawa ka kashe dodo, ka feɗe shi ka ƙera sabon makami da sulke da fatarsa da ƙashinsa, ka koma ka nemo wanda ya fi shi. Shi ke nan. Wannan sabon an sa ranar fitowarsa Juma'a 28 ga Fabrairu 2025 a PS5 da Xbox Series da kwamfuta. PS4 ba ya ciki, a lura da wannan da kyau tunda yawancin shagunanmu daga Bolari har Tumfure PS4 ne. Shi kuma gwajin da suke ce wa beta kamar mai kilishi ne ya yago maka ɗanɗano, sai dai su suna cewa sabarsu suke gwadawa su ga ko za ta ɗauki jama'a. Sun yi na farko ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba 2024, wanda a Steam, kasuwar gem ta masu kwamfuta, kaɗai sama da mutum 460,000 suka kasance a ciki lokaci guda, sai na biyu a ƙarshen mako biyu, 7 zuwa 10 ga Fabrairu da kuma 14 zuwa 17, daga baya aka ƙara kwana ɗaya. Na farkon ya wuce ni. Na biyun ne na zauna masa.

Kyauta ne, ko PS Plus, rajistar da ake biya don buga gem ta intanet a PlayStation, ba a buƙata. To amma kyautar da sai ka sauke gigabait masu yawa a daidai lokacin da aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data ai sunanta kyauta. Mai shagonmu PS5 ɗaya gare shi, ita ce amaryar shagon har da ƙyallen rufe ta saboda ƙura, sai da ya ɗaure ta a bayan mashin ya kai gidan wani abokinsa mai waifai a Federal Low Cost ta kwana tana saukewa. Ni na lallaɓa shi ya yi hakan, da alƙawarin zan sa fetur lita biyu.

Abu na farko da ya cinye mana lokaci shi ne ƙera mutum. Wallahi kusan awa ɗaya muka yi muna gyaran hanci da gemu, yara 'yan ƙwallo suna tsaye a bayanmu suna tsaki. Amma a nan na sara wa Capcom, baƙar fata ta fito baƙar fata ta gaske ba irin tokar nan da wasu gem ke yi mana ba, akwai kitso akwai gashi irin namu, mai shago ya dage sai da ya fitar da wani mai kama da kawunsa na Dukku sak. Kuma mutumin da ka ƙera ɗin da kyanwarsa su kaɗai ne za su bi ka zuwa cikakken gem, sai ɗan abin rataya a makami da 'yan kayayyaki da suke ba wanda ya shiga gwajin. Duk dodon da ka kashe a beta ya tafi a banza. Akwai kuma kyanwa mai taimaka maka, Palico, wadda yanzu har magana take da bakin mutane. Minti biyar na jure na mayar da ita kukan mage, dama sun bar zaɓin.

Inda gem ɗin ya kama ni shi ne filin. Windward Plains suke ce masa, kuma ranar da muka fara ana hazo a Gombe irin wanda ko dutsen da ke bayan gari ba ka hangowa, na ɗaga kai na kalli ƙofar shago na kalli talabijin, launi ɗaya ne. Busasshiyar ciyawa, yashi, duwatsu, garken dabbobi suna tafe a galabaice, kamar ka bi hanyar Nafada a watan Maris. Yanayin wurin hawa uku ne yake juyawa. Akwai lokacin fari da komai ya bushe namun dawa masu cin nama suka yi yawa suna faɗa da juna, sai guguwar yashi ta taso da tsawa da walƙiya gari ya yi duhu, in ta lafa sai ƙasa ta yi kore ruwa ya kwanta dabbobi su bazu. Mutanen waje da yawa sun yi ta ƙorafin wai lokacin farin nan hoton ya yi fari fat ba launi, ya yi musu muni. Ni kuwa abin da ya fi burge ni ke nan, don duk wanda ya san rani ya san haka yake, ba kyau gare shi ba, kuma shi ya sa in guguwar ta wuce kore ya fito har wani numfashi kake saukewa kamar ranar ruwan farko. Wani dattijo mai gyaran rediyo a maƙwabcin shagon, wanda ya yi farauta da karnuka a ƙuruciyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo, ya ce "yaro, wanda ya zana wannan ya taɓa kwana a dawa." Da ya ga girman takobin kuma sai ya yi dariya ya koma bakin aikinsa.

Abin hawa wani tsuntsu ne kamar jimina mai suna Seikret. Ka kira shi da fito ya zo ya ɗauke ka, in ka ga dama ka saki linzami shi da kansa zai kai ka har inda dodon yake, kana bisa kana wasa takobi ko shan magani, kuma yana ɗauke maka makami na biyu a jakarsa wanda a tsofaffin sai ka koma sansani kafin ka canza. Daɗi kam akwai. Amma na lura bayan kwana uku ban san hanyar ko'ina a filin ba, kamar wanda kullum ɗan acaɓa ke kai shi. A Monster Hunter World na 2018 da ƙafa kake bin sawu har ka haddace daji. Wannan an sauƙaƙa, kuma ban tabbata sauƙin alheri ne duka ba.

Dodanni. Na farko Chatacabra, ƙaton kwaɗo mai dogon harshe da yake lasar hannuwansa ya manna duwatsu a jiki ya naushe ka da su, na koyon hannu ne ba wahala. Sai Doshaguma, wani abu tsakanin zaki da kura mai mummunar fuska, su ba sa tafiya ɗaya ɗaya, garke suke yi da babbansu a tsakiya kamar 'yan kalare ranar kamfen, kuma maganinsu shi ne ka harba musu ƙunshin kashi su watse ka ware wanda kake so. E, kashi. Yaran shagon sun yi dariya har da faɗuwa, daga ranar duk wanda aka ci shi da yawa a ƙwallo sai a ce a kawo masa ƙunshin. Balahara kuma macizai ne na cikin yashi da suke haƙa rami ya zurma da duk abin da ya taka, wani ɗan Kaltungo da ke zuwa shagon ya ce shi dai a ba shi hannun in an wuce wurin, kububuwar garinsu ta ishe shi. Na ja Doshaguma har cikin ramin nasu da gangan na tsaya gefe ina kallo suna cin junansu, wannan kam ban taɓa ganin irinsa a gem ba.

Rey Dau shi ne sarkin filin, yana fitowa cikin guguwa, ya haɗe ƙahonninsa ya saita ka ya sako tsawa kamar bindiga. Karo na farko da ya harbe ni daidai lokacin janareta ya yi tari talabijin ya ɗauke, muka yi tsit na ɗan lokaci kowa na kallon kowa.

Faɗan kansa fa? Makamai 14 ne kamar yadda aka saba, babban takobi, dogon takobi, takobi da garkuwa, wuƙaƙe biyu, guduma, ƙaho, mashi, gatari mai rikiɗa ya zama takobi, sandar ƙwaro, kwari da baka, bindigogi da sauransu, kuma kowanne kamar gem daban ne. Sabon abin da suka kawo shi ne in ka yi ta saran wuri ɗaya sai rauni ya buɗe a jikin dodon, ka danne maɓallin L2 raunin ya yi ja, ka saita ka danna R1 ka fasa shi, dodon ya gigice wani lokaci har ya faɗi. Kuma da L2 ɗin nan kana iya juya saranka inda kake so ko da ka riga ka ɗaga takobi. Ni mai babban takobi ne kuma na ji daɗin wannan ba kaɗan ba, saboda a World rabin sarana iska nake sara. To akwai wani ɗalibin jami'ar jiha da ya buga tsofaffin tun a PSP, shi ransa a ɓace yake, ya ce dukkan darajar babban takobi ita ce ka karanci dabba ka san inda za ta sa kanta kafin ta sa, yanzu an mayar da shi abin kowa. Mun yi musu sosai. Gaskiyarsa ce ta wani gefen, amma ƙanena ɗan shekara 14 da bai taɓa riƙe gem ɗin ba ya kashe Doshaguma a rana ta biyu da wuƙaƙe biyu yana ihu, kuma da a tsohon ne da tuni ya ajiye hannun ya koma ƙwallo.

Yanzu ga abin da duniya ta yi ta surutu a kai. Bayan gwajin farko hotuna sun cika intanet na masu kwamfuta da dodanninsu suka fito kamar an naɗe takarda, fuska ba ido ba baki, kai ka ce gem ɗin PS1 ne, abin ya zama abin barkwanci har wasu na roƙon a bar shi a matsayin zaɓi. Dama tun da Capcom suka fitar da irin kwamfutar da ake buƙata aka fara gunaguni, don ko da katin hoto irin RTX 4060 sai ka kunna dabarar ƙirƙiro hotunan cike gurbi kafin ka samu hoto 60 a sakan. A PS5 kuma zaɓi ne tsakanin hoto mai kyau amma tafiya da nauyi, ko tafiya da santsi amma hoto ya yi dishi-dishi kamar an shafa wa gilashin man kaɗanya. Mu na biyun muka zaɓa, kuma a talabijin ɗin shagon mai inci 32 ba wanda ya damu. Ƙorafi na biyu shi ne nauyin sara. A tsofaffin in makami ya sauka a jikin dodo akwai ɗan tsaiko na ƙiftawar ido da ke sa ka ji a hannunka cewa ka sari abu, kamar gatari ya shiga icen kirya. A betan nan an rage shi, sai ka ji kamar katifa kake duka. Masu mashi sun ce an kashe musu makami, masu sandar ƙwaro sun ce an hana su tsalle-tsallen da suke yi a sama.

Abin yabo, a Disamba daraktan gem ɗin Yuya Tokuda ya fito a bidiyo ya lissafa gyaran da za su yi, za a dawo da nauyin sara, za a gyara mashi da gatari da sandar ƙwaro da takobi da garkuwa, za a rage yadda abokin farauta ke ture ka da makaminsa, za a gyara hoton PS5. Abin da ya ɗaure min kai shi ne sun faɗa da bakinsu cewa ba ɗaya daga cikin gyaran nan da ke cikin gwaji na biyu, tsohon ne suka sake buɗewa suka ƙara dodo biyu da filin atisaye. To in haka ne me muke gwadawa? Kamar tela ne ya ce ka zo ka gwada riga, ka ce hannu ya matse, ya ce ya gyara, ka dawo ya sake miƙo maka tsohuwar ya ce ka yarda da shi ranar Sallah za ka ga gyararriyar. Wataƙila ya gyara ɗin. Amma ni ban gani ba, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ce wa mutane su riƙe kuɗinsu. Masu kwamfuta su an ba su wata manhaja ta auna ƙarfin na'ura a farkon Fabrairu, in kana da kwamfutar gem ka fara gwada ta kafin komai.

Af, ranar Asabar 8 ga wata sabar PlayStation ta faɗi a duk duniya kusan awa 24, mutane suka yi ta kumfar baki, shi ya sa ma aka ƙara kwana ɗaya a mako na biyu. Mu sai washegari muka ji labari, don ranar babu wuta kuma janaretan shagon na wurin mai gyara.

Cikin dodanni biyun da aka ƙara akwai Gypceros, tsohon ɓarawo tun gem na farko. Yana tofa guba, yana ƙyasta tukkun kansa ya kashe maka ido da haske, ya sace maka kaya daga jaka, sannan in ya ji wuya ya kwanta ya yi kamar ya mutu. Ɗalibin nan ya san da haka ya yi shiru, ya bar mai shago ya matsa da wuƙar fiɗa yana murna, abin ya zabura ya watsar da shi. "Haba ɗan'uwa, ai sai ka faɗa min," in ji shi, shi kuwa yana ta dariya har da riƙe ciki.

Sai Arkveld, wanda hotonsa ke jikin kwalin. Fari ne, fukafukansa kamar sarƙoƙi yake kaɗa su su iso ka daga nesa, kuma minti 20 kacal aka ba ka. Daren Lahadi muka tara kuɗin fetur mu biyar muka ce ba mai tafiya gida sai ya faɗi. Muna harba alamar neman agaji mutane su shigo daga ko'ina, tunda yanzu mai PS5 da mai Xbox da mai kwamfuta duk suna haɗuwa wuri ɗaya, har mutum huɗu a farauta guda, in ba wanda ya amsa gem ɗin ya turo maka mafarautan kwamfuta su taya ka, kuma ba laifi suna warkar da kai suna kafa tarko. Da wayar mai shago muka haɗa intanet, wani lokaci sai ka ga dodon ya daskare sannan ya bayyana a bayanka, netwok ɗinmu ne ba laifin gem ba. Mun sha kashi ban san adadi ba, wani lokaci a sume mu wani lokaci lokaci ya ƙare yana ɗingishi. Wajen ƙarfe ɗaya saura wasu mutum biyu masu suna da rubutun Japan suka shigo, ɗaya da dogon takobi ɗaya da ƙaho yana busa mana ƙarfi, hannun yana wurin ɗalibin, dodon ya faɗi saura ƙasa da minti biyu. Ihun da muka yi sai da maigadin layin ya zo ya haska mu da tocila.

To amma ga inda gizo ke saƙar ga irinmu. Gidan gem a Gombe da ƙwallo yake rayuwa, mutum biyu hannu biyu, minti goma an gama an biya wasu sun zauna. Wannan kuwa mutum ɗaya ne a talabijin ɗaya, ba a raba allo biyu, farauta ɗaya na iya cin minti 20 ko 30 sauran na zaune suna kallo. Mai shago ya yi lissafi ya ce in ba awa-awa zai riƙa karɓa ba asara zai yi, kuma yaran da ke zuwa da ɗari biyu a aljihu ba za su iya ba. Sannan gem ne na tara kaya a hankali, sulkenka da makamanka suna cikin ajiyarka, ba irin wanda za ka zauna yau ka tashi ka manta ba ne, na mai na'ura a ɗakinsa ne. Kuɗinsa a Fabrairun 2025 dala 70 ne, a canjin lokacin ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. In kana son farauta da mutane a cikakken kuma sai ka biya PS Plus daban, ga data. Rubutun cikinsa ma yawa gare shi, menu cikin menu, ƙanana ƙanana, in Turancinka bai yi ƙarfi ba za ka sha wuya kwanakin farko, kodayake akwai Larabci a cikin harsunan ga wanda ya fi ganewa da shi.

Kuma a tuna betan bai nuna mana rabin gem ɗin ba. Ba a buɗe maƙera ba, wato ba mu ƙera ko wuƙa ɗaya ba, alhali nan ne zuciyar Monster Hunter take. Labarin ma ɗan farkonsa kawai muka gani, yaron nan Nata da aka tsinta da Alma mai ba da aiki da Gemma maƙeriya, ba zan iya cewa ya yi ko bai yi ba.

In maki ake so, abin da na taɓa da hannuna 7 cikin 10 na ba shi, faɗa da fili da dodanni sun kai 9, nauyin sara da dishi-dishin hoto suka ja shi ƙasa. In kana da PS5 a gida kuma ka buga World ka so shi, za ka so wannan, amma ka bari ya fito a ga ko alƙawuran Disamba sun tabbata, mako ɗaya ya isa a ji daga bakin waɗanda suka saya. In PS4 gare ka, nemi World da ƙarinsa Iceborne, yanzu ya yi arha kuma zai ɗauke ka watanni. In shago gare ka kar ka soma.

Ni dai fitowarsa ta zo daidai da kamawar azumi, ba ni da lokacin dodo sai bayan Sallah, lokacin ma faifan hannu nake jira wani ya gaji da shi ya kawo kasuwa. Mai shago tuni ya goge betan ya sa sabon ofdet na ƙwallo, ya dai tabbatar min kawun nasa na Dukku yana nan a ajiye.